Filin Tambaya da Amsa: In ajiye alli in kama kiwon kifi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 29, mazaunin Argungu, kuma shekara huɗu ke nan ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Tun ina yaro babu abin da nake so kamar kifi, har na taɓa ajiye tarwada ashirin a cikin tsohon duro a bayan ɗakinmu, suka girma muka ci. Yanzu na ɗauki adashi, na haɗa da ɗan abin da na tara, ina son in ajiye aikin in haƙa tafki in shiga kiwon kifi gadan-gadan. Mahaifina bai yarda ba. Ya ce a garin da ake kama kifi a kogi, wa zai sayi na kiwo? Ni kuma kullum ina jin manyan attajiran duniya suna cewa mutum ya bi abin da ransa ke so, arziki zai biyo baya. Wace shawara za ka ba ni? (Daga wani malamin makaranta, Argungu)

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar mahaifinka, domin ita ce tambayar da kowane mai shirin zuba jari ya kamata ya fara yi wa kansa, kai kuwa ka kawo ta a matsayin cikas. Zan dawo kanta, amma bari mu fara da maganar attajiran da kake sauraro.

Wannan magana ta bin abin da rai ke so ta yi tashe ƙwarai bayan jawabin da Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya yi wa ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka a shekarar 2005, inda ya nuna musu cewa ba a yin aiki na ƙwarai sai ana son aikin. Maganarsa gaskiya ce, sai dai ya faɗe ta kusan shekara talatin bayan kafa kamfanin a 1976, bayan an taɓa raba shi da kamfanin ya sake dawowa, kuma masu yanko ta suna yaɗawa a waya ba su cika kawo wannan ɓangaren ba. Akwai kuma wani abin lura: wanda ya bi abin da yake so ya yi nasara shi ake gayyata ya yi jawabi, wanda ya bi nasa ya karye kuwa yana gida yana lissafin bashi, babu mai miƙa masa lasifika. Saboda haka kunnenka yana jin rabin labari ne kawai. A harshenmu ma, idan aka ce wane ya bi son zuciyarsa, ai ba yabonsa aka yi ba. Magabata sun bambance tsakanin son da ke sa mutum ya jure wahalar sana'a da son da ke rufe masa ido, shi ya sa suka ce so hana ganin laifi.

Duk da haka ba zan raina son da kake yi wa kifi ba, domin na ga amfaninsa da idona. Akwai wani abokina mai tafkunan siminti guda huɗu a bayan garin Birnin Kebbi, na taɓa kwana a wurinsa cikin bazara. Tun kafin kiran sallar asuba na ji motsinsa a waje, na fito na same shi tsugune a bakin tafki da tocila, bai watsa abinci ba, bai taɓa ruwan ba, kallo kawai yake yi. Can sai ya ce mini kifin tafki na uku sun taru a sama suna haɗiyar iska fiye da yadda suka saba, kuma ruwan ya fara wani wari da ni ban ji ba sam. Nan take ya buɗe magudana ya tayar da injin ban-ruwa, ya hana su abinci a ranar. Yaron da yake biya albashi ya kwana a wurin, amma bai ga komai ba, domin shi aikinsa ya watsa abinci ya tafi. Wannan idon da wannan hancin so ne ke kawo su, kuma babu bankin da ke ba da rancensu. Idan kana da su, kana da jari na gaske.

To amma akwai abubuwan da so ba ya biya, kuma kiwon tarwada cike yake da su. Abinci kaɗai yana cinye kusan kashi biyu cikin uku na duk kuɗin da za ka kashe, kuma kowane kilo ɗaya na kifi sai ya ci abinci fiye da kilo ɗaya kafin ya samu. Daga ranar da ka zuba 'ya'yan kifi zuwa ranar da za su kai girman sayarwa ana ɗaukar wata huɗu zuwa shida, kuma a duk tsawon wannan lokaci kuɗi fita kawai suke yi, ga shi abin da kifin ke ci a wata na ƙarshe ya ninka na watan farko sau da yawa. Nan ne mafi yawan sababbin shiga suke faɗuwa: su kashe jarinsu wajen gina tafki mai kyau, su zuba kifi dubu biyu saboda zumuɗi, a wata na uku kuɗin abinci ya ƙare, kifi ya tsaya da girma, manya su fara cinye ƙanana. Tarwada tana cin 'yar'uwarta, don haka dole a riƙa tace su ana raba manya da ƙanana. Cikin hunturu sanyi yana rage musu cin abinci, girma ya yi jinkiri. Cikin bazara ruwa yana saurin lalacewa, dole a yawaita canza shi, canjin ruwa kuwa fetur ne ko hasken rana, kuma ka san inda farashin fetur ya nufa tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Tarwada ashirin a duro ba su taɓa tambayarka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin ragowar tuwo da hanjin kaza sun ishe su.

Yanzu mu koma ga tambayar Baba. Argungu garin masunta ne tun kaka da kakanni, kuma bikin kamun kifin da aka fara a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, ya sa duk inda aka ambaci Matan Fada, wato kogin da ake yin bikin a cikinsa, sai a tuna giwan ruwa da homa da gora. Mutumin da ya tashi da ɗanɗanon kifin kogi yakan ce na kiwo ba shi da garɗi, kuma ba za ka canza masa harshe da gardama ba. Sai dai kifin kogi yana da lokacinsa, akwai watannin da yake yawa ya yi araha, akwai watannin da yake wuya, alhali mai gasa kifi da dare a Birnin Kebbi da mai gidan abinci suna buƙatar kifi mai girma ɗaya, a farashin da za su iya lissafawa, kowane mako. Waɗannan su ne masu sayenka, idan akwai su da yawan da zai riƙe ka. Aikinka na farko shi ne ka je ka ƙidaya su da ƙafarka, ka tambaye su daga ina suke samun kifi yanzu, nawa suke saye, wane girma suke so, kuma da kuɗi hannu suke biya ko sai sun sayar. Ka kuma san cewa dillalin da zai zo bakin tafkinka ya san kifinka yana ci kullum, ya san kowace rana ka ƙara hasara ce, saboda haka shi zai yanka farashi. Mai kiwon da ya iya bandar kifi ya fi ƙarfin wannan matsi, domin busasshen kifi yana jira, yana kuma tafiya nesa. Ka leƙa Yauri ka ga yadda ake hada-hadar bandar kifi, za ka gane cewa rabin sana'ar yana bayan an fitar da kifi daga ruwa.

Ka tuna labarin Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya isa Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa na Ansar ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Ya shiga ya fara da cuku da man shanu, abin da mutanen garin ke saye. Bai zo da kayan da ya ƙulla a ransa tun daga Makka yana neman wanda zai tilasta wa ba.

Shawarata ita ce kada ka saki reshe ka kama ganye. Aikin koyarwa yana tashi da rana, kifi kuwa safe da yamma yake buƙatarka, don haka za su iya zama tare na wani lokaci. Ka fara neman mai tafki wanda ya daɗe a harkar, ka roƙe shi ka riƙa zuwa kana taya shi aiki kyauta daga zubi har kwashewa, ko da zai ɗauke ka wata biyar, domin kuskuren da za ka gani a tafkinsa ba da kuɗinka za a biya shi ba. Bayan haka ka fara da kifi ɗari uku zuwa ɗari biyar a tafkin tamfol, wanda ba ya cin kuɗin gini, kuma kafin ka sayi ɗan kifi ko ɗaya ka ware kuɗin abincinsu na dukan zangon ka ajiye gefe. Ka sayi littafi ka rubuta komai, har kuɗin kabu-kabun da ka hau zuwa sayen abinci, har kifin da ka kai gida aka yi miya. Ka yi zango uku, ka tabbata ɗaya ya ratsa hunturu, ɗaya ya ratsa bazara. Idan a zango biyu a jere ribar da ta rage bayan ka cire komai, ka raba ta bisa watannin da aka yi, ta kai albashinka ko ta kusa, to lokacin rubuta takardar ajiye aiki ya yi. Idan ba ta kai ba, ka rasa kaɗan, ka san da yawa, kuma allinka yana hannunka.

Game da jari, ina roƙonka kada ka ci bashi a zangon farko. Mu a Kebbi mun ga yadda rance yake. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya mai suna Anchor Borrowers a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa ya bunƙasa, aka samar da shinkafar da ake kira Lake Rice tare da Jihar Legas, aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a garinku a 2017, mutane da yawa suka samu alheri. Amma ambaliyar 2020 ta shafe gonaki masu yawa a fadamun jihar, kuma wanda ruwa ya ci gonarsa bashin bai tafi da ruwan ba. Idan littafinka ya nuna riba kana son faɗaɗawa, akwai hanyar ƙiradi da malamanmu suka sani tun da daɗewa, wato wani ya kawo kuɗi kai ka kawo aiki, ku raba riba bisa kason da kuka amince, a rubuta a sa shaidu. Akwai kuma gidauniyar Tony Elumelu da ke ba matasan Afirka da aka zaɓa tallafin dala 5,000 tun daga 2015, sai dai masu nema suna da yawa ƙwarai, kuma wanda ya zo da lissafin zango uku a rubuce ya fi wanda ya zo da buri kawai abin faɗa.

Shi kuwa Baba, kada ka je masa da maganar attajiran Amurka. Ka je ka durƙusa ka ce ka ji maganarsa, ba za ka bar aiki ba, kana neman izininsa ka gwada kaɗan a bayan gida. Ranar kwashewar farko ka kai masa manya guda biyu, ka kuma kai masa littafin.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni matar aure ce a Gusau. Ina matuƙar son girki, musamman dambun nama da alkaki da dubulan, kowa yana yaba hannuna, har aka ba ni shawara na mayar da shi sana'a shekara biyu da suka wuce. Yanzu aiki ya yi yawa, kusan kowane mako akwai kayan garar da zan haɗa, amma ban ga abin da na tara ba, kuma abin da ya fi damuna shi ne na fara jin ƙyamar shiga madafa. Ko dai na yi kuskure ne? (Daga wata uwargida, Gusau)

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. Ba ki yi kuskure ba, kin dai tsallake mataki ɗaya, kuma ina iya yin rantsuwa ban yi kaffara ba cewa yawancin masu ba ki aiki dangi ne da ƙawaye da maƙwabta, kuma su suke faɗin abin da za su biya. Wanda yake yin abu don so yakan ji nauyin sa masa farashi, sai ya ga kamar ya sayar da mutuncinsa, masu saye kuma suna gane wannan da wuri. Gajiyar da kike ji gajiyar aikin da ba a biya ba ce. Girkin bai yi miki laifin komai ba.

Ki zauna da takarda a kan aiki ɗaya tak, misali dambun naman da za ki yi a mako mai zuwa. Ki rubuta kuɗin nama, ki tuna cewa nama yana raguwa ƙwarai bayan an dafa an daka an soya, don haka ki auna abin da ya fito, kada ki yi lissafi da abin da ya shiga tukunya. Ki rubuta mai da kayan yaji da itace ko gas da roba da leda da kuɗin yaron da ya je kasuwa. Sannan ki rubuta ladan hannunki, gwargwadon abin da za ki biya wata idan ita ta tsaya a gaban wuta tun safe har la'asar. Sai a kan wannan jimlar za ki ɗora riba. Mata da yawa idan suka yi wannan lissafi a karon farko sukan tarar cewa shekara da shekaru su ne suke tallafa wa bikin mutane daga aljihunsu.

Daga nan sai ki kafa ƙa'ida, ki faɗe ta da fara'a amma kada ki janye: ba a ɗora tukunya sai an ba da kafin alƙalami da zai sayi kayan haɗi gaba ɗaya, ba a fitar da kaya sai an cika. Idan 'yar yayarki za ta yi aure kina son ki yi mata kyauta, ki yi mata kyauta a fili ki ce gudummawarki ce, ya fi a kira shi ciniki alhali kowa ya san ba za a biya ba. Kuɗin sana'a kuma su sami jakarsu daban, kada su haɗu da kuɗin cefane. Idan kin ɗauka don gida ki rubuta, kuma yana da kyau maigida ya san da wannan tsari don kada ya zama abin saɓani. Za ki rasa wasu masu saye, kuma waɗanda za su fara tafiya su ne waɗanda dama hasara kike yi a kansu. Da ribar farko ki ɗauki mai taya ki daka da wanke-wanke, ki riƙe haɗin yaji da suya a hannunki, tun da nan ne daɗin yake, nan ne kuma sunanki yake. Idan wata rana kina son kayanki su shiga manyan kantuna, za a nemi rajistar sunan kasuwanci daga hukumar CAC da lambar NAFDAC, amma wannan maganar gaba ce, kada ki kashe kuɗi a kanta yanzu.

TAMBAYA: Malam, ni yaron wani ɗan kasuwar albasa ne a Aliero, shekara shida ina tare da shi. Abokaina kowa yana da abin da yake cewa shi ne burinsa, ni kuwa ba ni da wani abu da nake so haka. Albasa ma ba sonta nake yi ba, na dai iya ta. Ko wannan yana nufin ba zan yi nisa ba? (Daga wani matashi, Aliero)

AMSA: Ɗana, kwantar da hankalinka. Ban taɓa jin an ce Alhassan Dantata ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja don yana mafarkin goro tun yana yaro ba. Hanya ce ya taso ya tarar, ya iya ta fiye da sa'o'insa, da gyaɗa ta zo ya juya gare ta. Sau da yawa iyawa ce take fara zuwa, so ya biyo ta daga baya, ranar da mutum ya ga ana nemansa saboda abin da ya sani. Kai a cikin shekara shidan nan ka san albasar da za ta jure ajiya a rudu, wato ma'ajiyar albasa, da wadda za ta ruɓe kafin damina, ka san yadda farashi ke faɗuwa lokacin da kowa ya kwashe gonarsa da yadda yake tashi idan kaya suka yi ƙaranci, ka san direbobin da ke sauke kaya a kudu da waɗanda ba a ba su amana. Abokanka masu buri da yawansu za su biya kuɗi su sami rabin wannan.

Ka sami maigidanka a lokacin da hankalinsa yake kwance, ka gaya masa kana son a kakar bana ya bar ka ka sayi buhu biyar ko goma da kuɗinka, ka ajiye a gefen nasa, ka sayar da kanka. Ka ƙidaya buhun da ya shiga rudu da wanda ya fito lafiya, ka rubuta farashin ranar saye da na ranar sayarwa, sannan ka sake rubuto mini bayan damina ta sauka.